Kifayen da ke kashe juna a akwatin gilashi: a ƙaro ne ko a rage?

Wani matashi daga Sabon Gari, nan Damagaram, ya aiko mini da hotuna da tambaya. Wata huɗu da suka wuce ya sayo kifayen ado shida daga Kano, ya zuba su a akwatin gilashi mai tsawon santimita 60, faɗi 30, tsayi 30. Biyu masu ratsin rawaya da baƙi ne, biyu jajaye masu ɗigo-ɗigon shuɗi, ɗaya rawaya fes, ɗaya kuma mai duhun jiki da zanen ruwan lemo da manyan idanu. Da farko zama lafiya lau. Yanzu ɗaya daga cikin masu ratsin ya rikiɗe ya yi baƙi, ya kashe ɗan uwansa, rawayan kuma ya maƙale a bayan filta, wato na'urar tace ruwa, ba ya cin abinci, wutsiyarsa ta yage. Ya karanta a intanet cewa maganin faɗan irin wannan kifi shi ne a ƙara yawansu, don haka yake tambaya guda nawa zai ƙaro.

Ƙanena, kada ka ƙaro ko ɗaya. Ragewa za ka yi, kuma cikin makon nan. Shawarar da ka karanta ba ƙarya ba ce, sai dai ba don akwatinka aka ba da ita ba, ba kuma don garin da muke ciki ba. Zan zo kanta. Bari mu fara da sanin abin da ka ɗauko daga Kano, domin mai sayarwa ya haɗa maka gardama a leda ɗaya.

Duk shidan dangi ɗaya ne, ana kiran dangin siklid, kuma ba baƙo ba ne a wurinmu: karfasar da ake kamawa a tafkin Gidimuni a soya mana ita a kasuwa 'yar wannan dangin ce. Duk wanda ya taɓa kiwon karfasa ya san namijinta yana haƙa rami a ƙasan ruwa kamar kwano, ya tsaya a kai yana korar duk wanda ya matso. Halin gidan ke nan. Masu ratsin da ka saya sunansu Melanochromis auratus, daga tafkin Malawi suke, cikin rukunin da mutanen bakin tafkin ke kira mbuna, wato kifin duwatsu. Ƙananansu da matansu rawaya ne da ratsin baƙi a rabin jiki na sama. Idan namiji ya balaga sai launin ya juye, jikin ya yi duhu, ratsin ya yi haske. To baƙin da ka ga naka ya yi ba ciwo ba ne, rawani ya naɗa. Tsawonsa ba ya wuce santimita 11 ko 12, amma cikin dukkan mbuna da ake sayarwa kaɗan ne suka kai shi mugunta. Rawayan nan da ake duka shi ma ɗan Malawi ne, Labidochromis caeruleus, kuma shi ne mai sanyin halin rukunin, shi ya sa ya zama jakin dukan kowa. Jajayen su ne Hemichromis, na yankinmu ne, ana samun danginsu a kogunan Afirka ta Yamma. Mai manyan idanun kuwa shi ake kira oska, Astronotus ocellatus, daga kogunan Amazon na Kudancin Amurka. Yanzu bai wuce tsawon yatsa ba, amma a shekararsa ta farko yana iya ƙara santimita biyu zuwa uku kowane wata, ya je ya tsaya a 30 ko fiye. Wato nan gaba tsawonsa zai kai faɗin akwatin da yake ciki, ko juyawa ba zai iya yi da daɗi ba, kuma duk kifin da ya shiga bakinsa abinci ne.

Yanzu lissafi. Ka ninka tsawo da faɗi da tsayi, ka raba da 1000: 60 sau 30 sau 30 ya ba ka lita 54. Ka cire yashi, ka cire duwatsu, ka cire ratar da ka bari a sama, ruwan da ke ciki bai fi lita 45 ba, wato jarka biyu. Amma ba ma litar ce ta fi damuna ba, filin ƙasa ne. Siklid ba ya faɗa a kan ruwa, a kan fili yake faɗa. A tafkin Malawi namijin mbuna yana kama wani kogo a cikin duwatsu da ɗan farfajiyar da ke gabansa, inda yake kankarar gansakuka kuma yake jawo mata. Idan wani namiji ya shigo sai ya bi shi a guje, wancan ya tsere ya ɓace a bayan wani dutse, magana ta ƙare, kowa ya koma harkarsa. Faɗan nasu na ainihi gajere ne saboda akwai wurin gudu. A akwatinka wanda aka kora ya yi santimita 60 ya ci karo da gilashi, ya juyo, ga mai gidan na kallonsa. A idon mai gidan, wannan ɗan iska ne da aka ce ya fita ya ƙi fita, sai ya ƙara masa. Haka za a yi ta yi daga asuba har dare, har wanda ake kora ya daina ci, jikinsa ya yi rauni, gyambon da ke jikinsa ya kama ruɓa, ya mutu. Sau da yawa ba cizon ne ke kashe shi kai tsaye ba, rashin hutun ne.

Yana da kyau ka iya bambanta gwajin ƙarfi da kisa, don kada ka riƙa firgita kan abin da ba komai ba. Ka zauna nesa kaɗan da akwatin, minti goma sha biyar, ba tare da abinci a hannunka ba. Idan biyu suka jera gefe da gefe, suka baje fika-fikai, suna karkarwa kamar mai jin sanyi, suna kewaya juna, wani lokaci su kama baki da baki suna ja, sannan su rabu kowa ya tafi, wannan kokawa ce ta neman sanin babba, kuma takan faru har tsakanin mace da namiji kafin su yi ƙwai. Abin tsoro shi ne kifin da ya haura can kusurwar sama, kusa da fuskar ruwa, ya karkace jikinsa, launinsa ya kwashe, fika-fikansa a manne, yana numfashi da sauri, ko abinci ya faɗo gabansa ba ya motsi. Wannan ya riga ya sallama, yana roƙon a bar shi ne, kuma babu inda zai je. Rawayanka a wannan halin yake. Kwana biyu ko uku suka rage masa idan ka bar shi.

Don haka abin da za ka yi yau, kafin ka gama tunanin sauran, shi ne ka raba su. Idan kana da robar wanki babba, sabuwa ko wadda sabulu bai taɓa shiga ba, ka ɗebi rabin ruwanta daga akwatin, ka cika da ruwan da ya kwana, ka sa tiyon iska, ka jefa tsingaron tukunya ya samu maɓoya, ka mayar da rawayan can. Ka rufe ta da gidan sauro, domin kifin da ya tsorata yana tsalle, kuma kyanwa ba ta da tausayi. Gishirin girki marar haɗi, giram ɗaya zuwa biyu a kowace lita, yana taimaka wa gyambo, amma babban maganin wutsiyar da ta yage shi ne ruwa mai tsabta: ka canza kashi ɗaya cikin uku kowace rana ko bayan kwana biyu, tunda robar ba ta da filtar da za ta tace mata datti. In dai cizon bai kai tushen wutsiyar ba, za ta sake fitowa cikin 'yan makonni. Idan ba ka da roba, ka yanko gefen kwandon roba mai huji-huji daidai faɗin akwatin, ka tsayar da shi a tsakiya kamar katanga, ka danne gindinsa da duwatsu. Kada ka yi amfani da ragar ƙarfe, tsatsa za ta yi. Ka kuma duba kada a bar rata a gefe, don auratus zai kwana yana haƙa yashi a ƙarƙashin katangar har ya ɓulla.

Mu koma kan shawarar ƙara yawa. Masu kiwon mbuna a Turai da Amurka suna yin ta, kuma tana aiki. Dalilinta shi ne idan kifi goma sha biyar ne a wuri ɗaya, mugun ba zai iya ware ɗaya ya bi shi ba: ya fara bin wannan sai wani ya gitta, hankalinsa ya rabu, dukan ya watsu a kan kowa kaɗan-kaɗan, kuma babu wanda ke samun damar riƙe fili shi kaɗai. Amma sharuɗɗanta uku ne, kuma masu ba da shawarar ba sa faɗarsu saboda a wurinsu ba abin faɗa ba ne. Akwatin ya kai tsawon santimita 120, wato lita 200 zuwa sama. Filta da injin iska su yi aiki dare da rana ba yankewa. A riƙa canza ruwa mai yawa kowane mako ba fashi. Na farkon ba ka da shi. Sauran biyun kuwa, kai ma ka san garinmu.

Ni na gwada, shi ya sa nake magana da ƙarfi. Shekarun baya ina da akwati mai lita 200 da 'yan kai, na cika shi da mbuna goma sha takwas, kuma gaskiya faɗa ya ragu, akwatin ya yi kyau, baƙi suna zuwa kallo. Sai wani dare cikin watan Mayu, irin daren da ko a tsakar gida ba ka samun iska, wuta ta ɗauke bayan sallar isha. Na ce yanzu za ta dawo, na kwanta. Da na tashi asuba na haska da fitilar waya, duk suna sama, bakunansu a fuskar ruwa suna buɗewa suna rufewa, manyan mazan uku kuma, waɗanda suka fi kowa kyau, suna kwance a kan yashi bakinsu a hangame, marfin numfashinsu a buɗe. Na sa hannu a ruwan, ɗumi kamar wanda aka surka don wanka. Kafin hantsi kifi bakwai sun tafi. Manyan ne ke fara mutuwa saboda su suka fi buƙatar iska.

Ga abin da ke faruwa. Ruwa mai zafi ba ya riƙe iskar numfashi kamar mai sanyi: a digiri 25 lita ɗaya tana ɗaukar kusan miligiram 8.3 na oksijin, a digiri 35 kuma ta sauko wajen 7. Ragin ba shi da yawa a ido, sai dai a daidai lokacin ne jikin kifin ke ƙara gudu, yana neman iska fiye da da, yana kuma ƙara kashi. Kashin kifi da numfashinsa suna sakin ammoniya, guba ce. A cikin soson filta akwai ƙwayoyin halitta da ke mayar da ita nitirit, wadda ita ma guba ce, sannan su mayar da ita nitirat, wadda ake ragewa da canjin ruwa. Waɗannan ƙwayoyin sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su kafu a sabon akwati, kuma su ma da iska suke rayuwa, idan filta ta tsaya tsawon sa'o'i aikinsu ya tsaya. Wani abin kuma, dafin ammoniya yana ƙaruwa da zafi da kuma kaifin ruwa irin na kanwa, wanda ake aunawa da lambar pH: yawan lambar, yawan kaifin. A ruwa mai pH 7 da digiri 25, ɓangarenta mai kisa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. A pH 8 da digiri 30 ya haura kashi bakwai. Mbuna kuwa ruwa mai pH wajen 8 suke so. Ka haɗa cunkoso, da zafin Afrilu, da ɗaukewar wuta, da ruwan da sai ka jira famfo ko ka tare mai ga-ruwa, za ka ga cewa wanda ya cika lita 45 da kifi goma sha biyu a Damagaram ya raba su da faɗa ne don su mutu tare.

A nan ne zan ja maka kunne kan kanwa, tunda na ga masu yi. Wani ya ji an ce ruwan Malawi mai kaifi ne, sai ya jefa gutsuren kanwa a akwati. Ba ka san ƙarfinta ba, ba ka san abin da ke haɗe da ita ba, tana iya ɗaga pH cikin sa'a ɗaya ta ƙone musu wurin numfashi. Kifayen da ake sayarwa an haife su a gonakin kifi ne, ba daga tafkin aka kamo su ba, sun saba da ruwa iri-iri. Ruwan da kaifinsa ba ya canzawa ya fi musu ruwan da ake ta gyara kaifinsa. Na famfo ka tara shi a buɗaɗɗen mazubi ya kwana ɗaya ko biyu don kilorin ya fita. Na kududdufi kada ka kusance shi.

To akwai dabarun rage faɗa da ba su buƙatar ƙarin kifi, kuma ya kamata ka san su, ka kuma san iyakarsu. Babbarsu ita ce toshe gani. Siklid abin da yake gani shi yake ɗauka nasa, idan ya tsaya a kogonsa yana hango ƙarshen akwati, to duk akwatin gidansa ne. Kuskuren da kowa ke yi shi ne tara duwatsu wuri ɗaya a tsakiya don ado, ka ga an gina fada ɗaya tilo, dole a yi yaƙi a kanta. Abin da ake so shi ne tsibi biyu ko uku, masu tsayi har kusa da fuskar ruwa, da za su yanka akwatin gida-gida, kogunan kuma su fi kifayen yawa, bakin kowane yana kallon wani gefe daban. Duwatsu kuwa Allah ya hore mana, irin waɗanda suka kewaye Birni ba sa narkewa a ruwa, ba sa canza shi. Ka goge su da buroshi ba sabulu, ka kwarara musu ruwan zafi, amma kada ka dafa dutse a wuta, yana iya fashewa. Tsingaron randa da guntayen tiyon famfo na roba su ma suna aiki, sun kuma fi sauƙin nauyi. Ka fara ajiye duwatsun a kan gilashin ƙasa, da 'yar roba a ƙarƙashinsu, sannan ka zuba yashi. Idan ka ɗora su a kan yashi, ranar da kifin ya haƙe ƙarƙashinsu za su rufto, ko su danne shi ko su tsaga gilashin, ka tashi ka tarar da ɗaki ya zama tafki.

Akwai kuma sauya fasali: ka cire mugun ka ajiye shi a roba mako ɗaya ko biyu, ka rushe duwatsun ka sake jera su, ka kashe fitila, sannan ka mayar da shi a matsayin baƙo. A babban akwati wannan yakan karya masa lago. A santimita 60, da auratus, abin da na gani shi ne kwana biyu ya ishe shi ya sake karɓe garin. Abinci ma yana da hannu a ciki. Ka riƙa ba su kaɗan sau biyu ko uku a rana, abin da za su cinye cikin minti ɗaya, kana zubawa a kusurwa biyu lokaci guda don mai ƙarfi ya kasa tsare duka. A nan ma haɗin naka ya ci karo da juna: yawancin mbuna masu cin ganye ne, hanjinsu dogo ne, idan aka cika su da nama ko tsutsa sukan kamu da kumburin ciki da ke kashe su, abin da ya dace da su shi ne abinci mai yawan ganye, da ɗan alayyafo ko salatin da aka tsoma a ruwan zafi. Oska da jajayen kuwa masu cin ƙwari da ƙananan kifi ne. Abincin da ya yi wa wannan daidai yana cutar da wancan. Madubi da wasu ke cewa a jingina a jikin gilashi don mugun ya yi ta faɗa da inuwarsa, ni ban ga amfaninsa ba, ƙara tunzura shi yake yi.

Zafi shi ma yana hura wutar faɗa, domin yana tura su ga neman haihuwa. Digiri 24 zuwa 27 ya fi dacewa da su. A bazara ruwan ɗaki yana iya haura 32. Abin da ya fi aiki a garinmu shi ne fanka ƙarama tana busa fuskar ruwa, murfi a buɗe, raga a sama: saboda iskarmu busasshiya ce, tururin da ke tashi yana sauke zafin da digiri biyu ko uku, dabarar randa ce dai. Sai ka riƙa cike gurbin ruwan da ya tashi. Jefa ƙanƙara kai tsaye ba shi da kyau, ruwan ya yi sanyi farat ɗaya ya sake zafi, wannan hawa da saukar ya fi zafin illa. Ka janye akwatin daga taga, ka rage kunna fitilarsa. A Disamba da Janairu kuma matsalar juyawa take, ruwan na iya sauka ƙasa da digiri 20 da asuba, sai ka nemi hita ko ka lulluɓe akwatin da bargo da dare. Abu ɗaya da zan ce ka saya ko da ka bar komai shi ne ƙaramin injin iska mai aiki da batir ko da abin cajin waya, ka haɗa shi da filtar soso. Idan wuta ta ɗauke kuma ba ka da shi, ka daina ba su abinci, ka riƙa ɗebo ruwan da kofi kana kwararo shi daga sama kowane rabin sa'a.

Duk waɗannan lokaci kawai suke saya maka. Hukuncin da ba makawa shi ne wa zai zauna a lita 45, kuma amsata ita ce jinsi ɗaya. Oska shi ne farkon fita, ba don shi ne mai laifi yau ba, sai don shi kaɗai yana buƙatar wajen lita 300 kuma yana iya shekara goma a raye. Ka nemi mai babban akwati ko mai kwarmin siminti na kiwon kifi ka ba shi tun yana ƙarami, lokacin da ake marmarinsa. Auratus idan kana sonsa, to ya zauna shi kaɗai. Kada ka ji tausayin kaɗaicinsa, zai yi ta haƙa yana gyara gida, zai san ka, zai riƙa tarbarka a gilashi. Kada ka ce za ka nemo masa mace ɗaya: mbuna ba sa zaman mata da miji, namiji yana bin mace ne har ta yi ƙwai, ta kwashe su a bakinta ta riƙe wajen mako uku ba ta cin abinci, shi kuma ya ci gaba da binta. Shi ya sa ake haɗa namiji ɗaya da mata uku ko huɗu, wannan kuma sai babban akwati.

Jajayen ne nake so ka sa wa ido, don a hoton da ka turo na ga suna tsaye tare a kusurwa ɗaya, kuma jan nasu ya yi kauri. Idan ka ga suna goge wani shimfiɗaɗɗen dutse da baki, to mace da namiji ne, sun shirya. Su ba a baki suke riƙe ƙwai ba, a kan dutse suke jera su, ɗaruruwa, uwa da uba suna gadi tare, cikin kwana biyu zuwa uku su ƙyanƙyashe. Ranar da hakan ta faru, auratus ɗin da ke cika baki yau shi zai koma bayan filta, domin Hemichromis masu 'ya'ya ba sa barin komai da rai a akwati irin naka. Idan su ka zaɓa, su biyun kaɗai za su iya zama, da ƙyar, da maɓoya mai yawa da katangar roba a ajiye kusa, don wani lokaci namijin kan juya kan macen bayan 'ya'yan sun tashi. Ka kuma fara tunanin inda za ka kai 'ya'yan. Idan kuwa ra'ayina kake so, ni rawayan zan riƙe in sallami sauran, ko in nemi kiribensis, Pelvicachromis pulcher, ɗan kudancin Najeriya da Kamaru, wanda mace da namijinsa ke iya zama a santimita 60 ba tare da an yi jana'iza ba.

Waɗanda za ka fitar kada ka zuba su a tafki ko kududdufi. Baƙon kifi a ruwan da ba nasa ba ɓarna yake yi. Giwan ruwa, wanda a kogin Kwara da tafkin Chadi ɗan gida ne, da aka kai shi tafkin Biktoriya a shekarun 1950, zuwa shekarun 1980 ya share jinsunan siklid masu ɗimbin yawa da babu su a ko'ina sai can. Ka mayar wa mai sayarwa, ko ka yi musaya, ko ka ba da kyauta. Kafin ka samu mai karɓa, duron roba mai lita 200 da aka raba biyu a tsaye yana ba ka kwami biyu masu tsawon kusan santimita 90, kowanne ya fi akwatinka fili. Ka tabbata dai abin ci aka taɓa zubawa a ciki, ba maganin ƙwari ko mai ba.

Idan kuma zuciyarka na kan mbuna da gaske, ka tara kuɗi ka sa mai yankan gilashi ya yi maka 120 da 40 da 45, lita 216 ke nan, da gilashi mai kaurin milimita 10, a haɗa da silikon marar maganin fumfuna, domin mai maganin yana kashe kifi. Tsawo ka nema, ba tsayi ba. Da ruwa da duwatsu da gilashin kansa nauyin zai doshi kilo 300, don haka teburin ɗaki ba zai ɗauka ba, sai maƙeri ya yi maka ƙafa ta ƙarfe, a daidaita ta da ma'auni, a shimfiɗa soso mai tauri a ƙarƙashi. Kafin ka kira mai gilashin ka yi lissafin ruwa: canjin kashi ɗaya cikin huɗu kowane mako wajen lita 55 ne, kusan jarka uku, har da makonnin da famfo ke yin shiru. Ruwan da ka zubar ba asara ba ne, zogale da shukokin tsakar gida suna sonsa fiye da na famfo. A irin wannan akwatin ma, a Damagaram, ni ba zan wuce rawaya takwas zuwa goma ba, kuma ba zan sa auratus a ciki ba.

Na yanzu dai, ka riƙa canza lita 12 zuwa 15 sau biyu a mako, ka wanke soson filta a ruwan da ka ɗebo daga akwatin, ba a famfo ba. Ka duba rawayan a rana ta uku: idan ya fara fitowa daga tsingaron yana karɓar abinci, ya tsira. Idan ka ga wani fari-fari kamar auduga a bakin gyambon, ka ɗauki hotonsa da rana, ba da fitila ba, ka turo mini tare da hoton jajayen daga gefe, in ga cikinsu.